Abokin Ɓarawo Ɓarawo Ne? Tsokaci Kan Yadda Muke Yi Wa Wanda Ake Tuhuma

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu na nan Garki. Ana faɗinta a majalisa bayan la'asar, ana faɗinta a rumfunan kasuwa, wani lokaci ma a kan ji ta daga bakin masu wa'azi. Wai duk lauyan da ya tsaya wa wanda aka kama da zargin sata ko fashi, haram yake ci, kuma duk wanda ya je caji ofis ya karɓi belin irin wannan mutum, ai abokin ɓarawo ɓarawo ne. Wannan magana nake so in yi wa suka a wannan fitowa, domin ba ta da tushe a addini, ba ta da tushe a dokar ƙasa, kuma mu ɗin nan da muke yaɗa ta mu ne muka fi kowa cutuwa da ita.

Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin a wayi gari a tarar an ɓalle kwaɗo an kwashe jarin shekaru. Babu mai koya mini ƙin ɓarawo. Amma ɓarawo daban, wanda aka ce ɓarawo ne daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ake kira shari'a.

Duba mana su wane ne ake fara nunawa da yatsa in abu ya ɓace a Abuja. Mai gadi ne, ko mai shayin bakin layi, ko ɗan jari-bola, ko mai turin ruwa, ko direban keke, ko yaron shago. Mafi yawansu namu ne, daga Kano, Katsina, Zamfara da Sakkwato, wasu ma daga Maraɗi da Damagaram. Ba su jin Turanci sosai, ba su da ɗan'uwa a ofis, adireshinsu bai wuce "bayan masallaci" ba. Ranar da muka mai da tsaya wa wanda ake tuhuma abin kunya, waɗannan bayin Allah muka yasar.

Abin da ya faru a titin Gimbiya

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A daren 7 ga Yuni wayewar 8 ga wata, shekarar 2005, 'yan sanda sun buɗe wa wata mota wuta a titin Gimbiya da ke Area 11, nan cikin Garki. Mutum shida ne a motar: samari biyar 'yan ƙabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a Apo, da budurwa ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka kai gaban alƙali, duka shidan an kashe su. Da gari ya waye sai aka sanar wa duniya cewa 'yan fashi ne aka yi arangama da su.

Da 'yan'uwansu da abokan sana'arsu sun tsaya a kan "abokin ɓarawo ɓarawo ne", da maganar ta mutu a nan. Ba su yarda ba. Sun tashi tsaye, lauyoyi suka shiga, har sai da Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck. Kwamitin ya gano cewa zancen fashi ƙage ne, gwamnati ta biya kowane gida diyyar naira miliyan 3. A ranar 9 ga Maris, 2017, Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Abuja ya yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ya sallami uku saboda hujjar da aka kawo a kansu ba ta gamsar da kotu ba. DPO ɗin Garki na wancan lokacin kuwa ya tsere, ba a yi shari'ar da shi ba.

Ga abin lura a nan. Su 'yan sandan da aka tuhuma sun sami lauyoyi, an saurari shaidu, an yi musu tambayoyi, an ɗauki kusan shekara 12 ana tankaɗe da rairaya kafin a ce wane ya yi, wane bai yi ba. Ban ce kada a ba su wannan dama ba, haƙƙinsu ne. Sai dai irin wannan damar ce aka hana mutum shida a dare ɗaya, da kalma ɗaya tak: 'yan fashi.

In wani ya ce ai waɗancan ba namu ba ne, to ya tuna watan Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Arewa a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyarsu ta komawa Kano don yin sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an tambaye su komai a gaban hukuma ba. Dukkanmu mun yi kuka, mun ce me ya sa ba a miƙa su ga hukuma an yi bincike ba. To wannan tambayar ita ce dai ya kamata mu yi wa kanmu duk ranar da aka yi ihun "ɓarawo!" a layinmu, matasa suka fito da gora da duwatsu.

Me addini ya ce?

Masu wannan magana suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna kawo aya ta 105 a cikin Suratun Nisa'i, wadda ta yi hani ga tsaya wa maha'inta a wajen jayayya. Gaskiya ne, ayar tana nan. To amma a kan me ta sauka? Duk mai zama tafsirin azumi ya ji labarin a Jalalaini. Wani mutum a Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ ya saci sulke, ya kai ya ɓoye a wurin wani Bayahude. Da aka zo bincike aka sami sulken a wurin Bayahuden, shi kuwa Ɗu'uma ya rantse bai san zancen ba, aka nemi Manzon Allah (SAW) ya kare shi. Ka ga a zahiri komai ya hau kan Bayahude: ga kayan sata a hannunsa, ga shi ba Musulmi ba, ga mai rantsuwa a kansa. Sai Allah ya saukar da ayoyi ya wanke shi, ya tona asirin mai laifin. Ashe ayar da ake kafa hujja da ita don a guji wanda ake tuhuma, ita kanta ta sauka ne don kuɓutar da wanda aka tuhuma da sata bisa zalunci. Wanda ta hana a tsaya wa shi ne wanda ya yi ha'inci kuma yake so a jingina laifinsa ga wani.

Haka a Suratu Yusuf, an fito da ma'aunin sarki daga cikin kayan Binyaminu a gaban idon kowa, alhali bai ɗauka ba. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, yana halifa, ya ga sulkensa a hannun wani wanda ba Musulmi ba, ya kai ƙara gaban alƙali Shuraihu. Alƙali ya nemi shaidu, ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ya bar sulken a hannun wanda ake ƙara. Shuraihu bai ce halifa maƙaryaci ne ba. Ƙa'ida ce kawai ya bi, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa ko wane ne shi.

Mu koma littattafan da muka karanta a zaure. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinare ko dirhami 3 ko ƙimarsu, kuma sai an fitar da shi daga hirzi, ma'ana wurin da aka saba adana irinsa. Babu yanke hannu ga wanda ya fizge abu a fili, ko ya tsinki 'ya'yan itace a bisa, ko ya kama akuya a wurin kiwo kafin ta koma garke. Waɗannan suna da nasu horon, amma ba haddi ba. Sata tana tabbata ne da shaidu biyu adalai ko da iƙirari, kuma wanda ya yi iƙirari ya dawo ya janye, haddi ya faɗi, sai dai ya biya kayan. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ƙara da cewa iƙirarin sai ya zama da son ran mutum. In tilasta shi aka yi, ba a kama shi da shi ko da ya fito da kayan satar. A duba wannan da kyau, a kwatanta da abin da muke yi wa yaro in mun ɗaure shi a jikin turken wuta muna cewa "faɗi gaskiya a sake ka".

Akwai kuma i'izari, wanda duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya sani: kafin a yanke hukunci sai alƙali ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da suka a kan shaidu. To wanda bai san sharuɗɗan shaida ba, bai san nisabi ba, bai san hirzi ba, da me zai amsa? Shi ya sa malamai suka halatta mutum ya wakilta wanda ya fi shi iya magana a wajen husuma, kuma an ruwaito Sayyidina Aliyu da kansa yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu. Aikin lauya na gaskiya ke nan, sunan ne kawai ya canza.

Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa, shekara ta 18 bayan hijira. A cikin Muwaɗɗa kuma akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwa suka yanka. Da Umar ya fahimci ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya fasa yanke musu hannu, ya ɗora wa ubangidan tara. Masu gidajen da ke riƙe albashin mai gadi wata uku, sannan su kira masa 'yan sanda ranar da batirin janareta ya ɓace, su yi wa wannan labari karatun nutsuwa. Rashin biya ba ya halatta sata, amma alƙali mai adalci yana tambaya a kansa.

Wani zai ce, malam, ai akwai ɓarayin da kowa ya san su. Haka ne. Ibnu Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna, kuma malamai sun yarda a tsananta bincike a kan na ukun har a tsare shi. Amma wa zai tsare shi? Hukuma. Babu littafin da ya miƙa wannan aiki ga taron 'yan kallo a bakin kasuwa.

A nan nake da ƙorafi kan yadda aka tafiyar da wasu shari'o'in sata bayan dawo da haddi a jihohinmu na gida. An ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, zuwa Maris na 2000 an yanke hannun Buba Bello Jangebe kan satar saniya. A 2004 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin yanke hannu talakawa ne, ba su da lauya, kuma da iƙirari kawai aka kama su, wasu sun ce dukan 'yan sanda ne ya sa suka amsa. Ba sai ka yarda da duk manufar ƙungiyar ba kafin ka ga cewa abin da ta lissafa shi ne dai Halilu ya hana tun ƙarnoni da suka wuce. Son shari'a shi ne a ɗauke ta da sharuɗɗanta gaba ɗaya.

Dokar da ke aiki a kanmu a Abuja

Mu da ke zaune a Abuja, in aka kama ɗanmu, da kundin Final Kod za a yi masa shari'a. Wannan kundi ba baƙo ba ne a wurinmu. Gwamnatin Sardauna ce ta kira kwamitin masana a 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, aka tsara shi bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. A cikinsa, sata zalla hukuncinta yana iya kai wa shekara 5. In yaron gida ne ko ma'aikaci ya saci kayan ubangidansa, yana iya kai wa 7. In an fasa gida aka shiga, musamman da dare, hukuncin ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Fashi kuwa akwai wata doka ta musamman a kansa tun zamanin soja, ta 1984: fashi ko babu makami, mafi ƙaranci shekara 21, in da makami, ko kana tare da mai makami, ko an ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne. Kuma makami a nan bai tsaya ga bindiga ba, wuƙa da adda suna ciki.

Ka ga ke nan wayar salula ɗaya tana iya zama shekara 2, tana iya zama igiya, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar tuhuma. A jihar Osun an kama wani yaro ɗan shekara 17 a 2010 kan shiga gida da makami a saci kaji, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014, sai a Disamban 2024 Gwamna Adeleke ya yi masa afuwa, bayan ya shafe shekara 10 yana jiran hauni. Mu kuma ga mu da al'adar yawo da 'yar wuƙa a ƙugu: mahauci da ita, mai tsire da ita, mai yankan farce da ita, mai rake da addarsa. In rigima ta haɗa ɗayansu da wani, aka ce ya ƙwace waya, aka lalube shi aka sami wuƙar sana'arsa, wa zai tsaya ya bayyana wa kotu cewa wannan wuƙar ta yankan nama ce, ba a zare ta a kan kowa ba? Kuma da zarar an rubuta fashi da makami, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar, sai dai ya tura mutum Kuje a jira shawarar ma'aikatar shari'a, beli kuwa sai alƙalin Babbar Kotu, shi ma sai da dalili mai ƙarfi.

Abin da lauyan kirki yake bi a irin wannan shari'a ba sihiri ba ne, tambayoyi ne da kowane mai hankali zai yi. Shin wanda aka yi wa fashin ya san wanda ake tuhuma tun da, ko a cikin duhu ya gan shi na minti ɗaya? In bai san shi ba, an jera shi cikin mutane ya nuna shi, ko kawo masa shi aka yi da ankwa aka ce "wannan ne ko?" Ina wanda ake tuhuma yake a daren? In ya ce yana Mararaba wajen ɗan'uwansa, wajibi ne 'yan sanda su bincika, amma sai in ya faɗa tun a caji ofis, da sunan wuri da sunan mutanen da yake tare da su. In ya bari sai a kotu, maganar ta yi rauni. Sannan takardar da aka ce ya amsa laifi a cikinta, yaya aka same ta?

Wannan ta ƙarshen ita ce ramin da ya fi cinye mutanenmu. Ana rubuta bayani da Turanci, a miƙo wa wanda ko sunansa ba ya iya karantawa da boko, a ce ya dangwala. Alhali tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya ce a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta a kotu, a kuma kai shi gaban alƙali cikin awa 24 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, wanda a Garki babu zancen nisa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan Abuja, ta tanadi a ɗauki bayanin mutum a gaban lauyansa, ko jami'in ba da agajin shari'a, ko wani wanda ya zaɓa, a kuma naɗi iƙirari a bidiyo, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta ce wannan tanadi dole ne a bi shi. Dokar ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗa ya gudu. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Ta ce mace tana iya tsayawa beli. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu da azaba, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25 ga jami'in da ya yi. A laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce ya amsa, kotu za ta rubuta bai amsa ba, sai an kawo hujja. Wanda ya karanta Halilu ba zai ji waɗannan a matsayin baƙin abu ba.

Sai dai duk wannan a takarda yake. Doka ba ta tashi da kanta ta je caji ofis, sai an sami mai ɗaukarta ya kai.

Mu 'yan kasuwa

Akwai sashen da ya shafe mu kai tsaye. Dokar shaida ta ba kotu damar ɗaukar cewa duk wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan an sace su, ko dai shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai in ya yi gamsasshen bayanin yadda suka zo hannunsa. Kuma a Final Kod, karɓar kayan sata da sani yana iya kai mutum shekara 14, ya fi na ɓarawon kansa. A Janairun 2025, bayan yawan sace murafen ƙarfe na magudanun tituna, hukumomin Abuja sun hana 'yan jari-bola yawo a cikin gari, suka dakatar da kasuwannin panteka na mako 2. Masu laifi ƙalilan ne, amma kowa ya ɗanɗana.

Don haka mai sayen waya ta hannu, da mai gwangwan, da mai sayen janareta ko babur, kariyarka tana farawa ne tun ranar ciniki. Rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa, ɗauki hoton katinsa, sa shaida, karɓi rasit. In kayan dubu 200 aka kawo maka a dubu 40 da tsakar dare, kai ma ka san amsar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dattijon da ke zagin lauyan ɓarawo a majalisa, alhali a shagonsa yana sayen "kayan sauƙi" ba tambaya, shi ne abokin ɓarawo na gaskiya.

Inda kowa ya gaza

Ban zo in wanke lauyoyi ba. Akwai waɗanda ke shawagi a harabar kotu, su karɓi kuɗin beli su ɓace, ko su yi ta neman ɗage zama don kuɗin mota ya ci gaba da shigowa. Akwai mai koya wa shaida ƙarya. Wanda ya san tabbas mutum ya yi, sannan ya ƙirƙiro masa shaidar zur ko ya jingina laifin ga wani, wannan shi ayar Nisa'i ta hau kansa, ko lauya ne ko limami. Amma ko mai laifi yana da abin da halal ne a nema masa: kada a azabtar da shi, kada a ɗora masa abin da ya fi wanda ya aikata, a duba yarintarsa da halin da yake ciki, a nemi sassauci in ya mayar da kaya.

'Yan sanda ma an rubuta a bangon ofisoshinsu cewa beli kyauta ne, kowa kuma ya san yadda ake ƙarewa. Amma mu ma muna da namu kason. Mu ne muke kai ƙarar bashi mu ce sata ce don a tsorata mutum. Mu ne muke ce wa yaro "ka amsa kawai, za a yi maka sauƙi", ba mu san nauyin abin da zai amsa ba. Mu ne in aka kai ɗan unguwa Kuje muke cewa Allah ya kyauta, mu shafe shi daga lissafi. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali suna nuna kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. A Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Kuje da shirin sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. Raba ka gani, kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Nawa muke kashewa a walimar biki ɗaya?

Abin da nake ba da shawara

Na farko, 'yan sintirinmu su sani doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Duka ba ya ciki. Wanda ya doki ɓarawo har ya mutu, shari'ar kisan kai ce a kansa a duniya, ga kuma ta lahira.

Na biyu, masu unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su fitar da mutum uku ko huɗu masu jin Turanci da sanin ya kamata, waɗanda za a kira duk lokacin da aka kama wani namu, su je su zauna a ɗauki bayaninsa a gabansu. Daren farko shi ne mafi haɗari, abin da aka dangwala a daren nan shi zai bi mutum har Kotun Ƙoli.

Na uku, mu san hanyar hukumar Legal Aid, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 don ba marasa hali lauya kyauta. Hedikwatarta tana nan Area 11, daura da shi wannan titin Gimbiya, tafiyar da ba ta kai a hau mota biyu ba. Lauyoyinta ba su da yawa, aiki ya yi musu yawa, don haka sai an bi ana tuni. Akwai kuma 'ya'yanmu da suka karanta shari'a, a jawo su a jiki a daina yi musu kallon masu cin haram.

Na huɗu, kowane masallaci ya ware wani abu daga sadakar Juma'a don biyan ƙananan tara da diyyar kayan da aka sata, bayan an bincika. Wannan yana taimakon wanda aka yi wa satar ma, domin shi kayansa yake so, zaman wani a Kuje ba ya mayar masa da jari. Sulhu da yafiya kafin magana ta kai gaban hukuma abu ne da addini ya buɗe ƙofarsa, a yi shi a gaban dattawa, a rubuta, ba a bayan kanta da cin hanci ba.

Wanda ya sata a hukunta shi gwargwadon abin da ya yi, bayan an tabbatar. Wanda bai yi ba a sake shi tun kafin matarsa ta sayar da gado da katifa. Ba za a bambance su ba sai an bar wani ya yi magana a madadinsu, kuma mai yin wannan magana da gaskiya yana taimakon alƙali ne a kan adalci. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu daga ɓarayi, ya tsare mu daga ƙage da sharrin zato, ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci.